Shekarar da Na Kewaye Ruwa a Kan Keke

Ku 'ya'yana, da jikokin da za su karanta wannan bayan ba ni, na san labarin da kuka tashi kuna ji game da shekarar da yayana Sanda ya rasu. An ce ubanku ya hau keke ya tafi yawon kallon ruwa, ya bar ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya kwance cikin ciwon ajali, bai dawo ba sai da aka kwana biyu da rufe shi. Wasu sun ce tsufa ne ya taɓa mini kai. Wasu sun ce mutanen ruwa ne suka kira ni. Ban taɓa tsayawa na musanta ba, domin rabin maganar gaskiya ce. Yanzu da gwiwoyina suka ƙi feda, hannuna kuwa yana iya riƙe biro, zan faɗa muku yadda abin ya kasance, har da wuraren da ni kaina ban gane ba har yau.

An haife mu, ni da Yaya Sanda, a wani ƙauye da ake kira Tungar Marke, bakin gulbi, ta wajen Maradun. Ko kun nema ba za ku same shi ba. Ina saurayi aka datse gulbin, ruwa ya taso ya rufe garin da gonakinsa da maƙabartarsa, inda iyayenmu duka biyu suke kwance. Mutanenmu suka watse, kowa ya bi inda ya ga zai samu abin kai wa baki. Yaya ya zauna Bakura yana noman shinkafa, ni kuma na samu aikin malamin gona a Talata Mafara. Ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya sa ni makaranta da ƙarfin tsiya, shi ya yi mini aure, kuma shi ya koya mini hawan keke a hanyar rafi, yana gudu a bayana riƙe da kariyar keken har numfashinsa ya ƙare. Amma tun ranar da muka ɗora kayanmu a kan jakuna muka baro garin, bai je ya dubi ruwan nan ba ko sau ɗaya. In aka ɗauko zancen Tungar Marke a majalisa, sai ya jawo butarsa ya ce zai yi alwala, ko da lokacin salla da sauran nisa.

Ni kuwa keke ya zame mini jaraba. Abokan aikina duk sun sayi babur, ni na ƙi rabuwa da baƙin keken nan mai ƙarfen tsakiya da kuka sani. Da shi na zagaya gonakin mutane shekara da shekaru, kuma da na yi ritaya sai zama ya gagare ni. In na yi asuba sai in hau, in kai Bakura in gaida Yaya in dawo kafin azahar, ranar kasuwa in nufi Janbako ba don ina da abin saye ba. Dole kuma in faɗa muku wannan tun yanzu, kada ku ce na ɓoye: na daɗe da wani buri a raina, in kewaye ruwan dam ɗin gaba ɗaya a kan keke, in bi ta tuddai da duwatsun da ke bayansa, inda babu kwalta babu mota. Uwarku Asabe ta san da wannan buri. Duk sa'ad da na ɗauko zancensa sai ta ce in bari sai an sake haihuwata.

A shekarar ritayata, ana tsakiyar kaka, Yaya ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kawo shi asibiti a Mafara, ya kwana biyar bai ce uffan ba. A rana ta shida da hantsi muna zaune mu uku a gefen gadonsa, ni da Asabe da matarsa Kulu, wadda ita ma haifaffiyar Tungar Marke ce, sai ya miƙo hannunsa mai lafiya ya damƙi wuyan hannuna. Ya zuba mini ido, ya yi ta kokawa da harshensa, can sai magana ta fito. Kalmomi uku ne ko huɗu, a tauye, a murɗe. Ta ƙarshen ce kawai ta fito sarai: gida.

"Kun ji ko?" in ji Kulu. "Cewa yay yi a kai shi gida. Ya gaji da wurin ga."

"A'a, Yaya Kulu," in ji Asabe. "Ni abin da nij ji, cewa yay yi Malam shi riƙe gida. Amana ta shika ba shi."

Ni kuwa kunnena wani abu dabam ya ji. Na ji ya ce, ka gano gida. Na sunkuya kusa da bakinsa na ce, "Yaya, wane gida? Bakura?" Bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ya mutu.

Kulu ce matarsa, saboda haka jinta aka bi. Likita ma ya ce abin da ya rage sai magani da kula, kuma ana iya yin wannan a gida. Muka mayar da shi Bakura, muka kwantar da shi a ɗakinsa, a kan gadonsa, tagar na kallon darbejiyar da shi ya dasa da hannunsa. Washegari na zo duba shi, sai ya sake damƙe ni ya maimaita maganar nan, da irin wahalar da ya sha jiya. A cikin ɗakinsa fa! Nan kaina ya ɗaure. Na gwada ta Asabe, na ce masa, "Yaya, iyalinka iyalina na, na riƙe, kak ka damu." Ya girgiza hannuna kamar mai jin haushi, ya sake faɗa. Kwana biyar a jere yana yin haka, kuma ba ya faɗa wa kowa sai ni. Babban ɗansa Lawal ya ce surutun ciwo ne kawai, harshen da ya karye kalma ɗaya yake kamawa ya yi ta nanatawa. Wani malami maƙwabcinsu ya ce gidan gaskiya yake nufi, yana yi mana bankwana ne. Kowa ya faɗi tasa sai in ga kamar ita ce, in na koma gida na zauna ni kaɗai kuma sai in sake jin muryar a kunnena: ka gano gida.

Da safiyar rana ta shida na samu Asabe tana dama fura, Bashir babbanku yana gefe yana goge babur ɗinsa, na ce musu za ni Tungar Marke. Asabe ta saki ludayin a cikin ƙwarya.

"Malam, ka dubi girman Allah. Mutumin ga yau ko gobe na. In Allah ya yi ikonshi kana cikin daji, mi za ka ce ma mutane?"

"Kwana ukku na kawai," na ce.

"Kuma wane gida za ka gano? Gidan da ad ƙarƙashin ruwa? Ko kihi ka zama ban sani ba?"

Bashir ya ce in dole ne sai na je, ya ɗauke ni a babur, mu tafi da safe mu dawo da marece. Na ƙi. Na ce masa dajin ya fara ɓaci, ana ta zancen satar shanu, mutanen ƙauye in sun hango mutum biyu a babur sun fito daga daji ko su gudu ko su ɗauko bindiga, amma tsoho a kan keke ba wanda zai ji tsoronsa. Na ce kuma akwai duwatsun da sai ka saɓa abin hawanka a kafaɗa. Hujjoji ne masu kyau, kuma lokacin da nake faɗarsu na yarda da su. Amma Asabe ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta ce:

"Ni dai ban sani ba, ko Yaya ya aike ka, ko kai ka aiki kanka."

Ta tashi ta ɗaure mini hoce da ƙuli-ƙuli a tsumma. Na ɗaura famfo da kayan faci da gorar ruwa a kariya, na fara biyawa ta Bakura. Kulu na madafi, Lawal ya tafi gona, saboda haka na samu Yaya shi kaɗai. Na durƙusa na ce masa a kunne, "Yaya, za ni Tungar Marke, in gano maka gida." Sai ya damƙi hannuna damƙar da bai taɓa yi ba, idanunsa a buɗe, bakinsa na motsi babu sauti. Godiya ce yake yi, ko hana ni yake? Na tsaya ina jiran ko alama ɗaya, ba ta zo ba. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin na iya miƙewa. Kulu kuwa ce mata kawai na yi zan yi 'yar tafiya ta kwana uku.

Na rabu da kwalta bayan na wuce bangon dam, na kama turbar masu shanu da ke hawa cikin tuddai. Ban san ƙasar nan tana da hawa haka ba sai ranar. Daga bakin titi sai ka ga kamar 'yan tudunnai ne, amma in kana kan keke kowannensu sai ya tsaya maka a ƙirji. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin taya, sarƙa na kuka, ni ina tsaye a kan feda ina jifa da jikina hagu da dama, har inda ƙarfi ya ƙare in sauka in tura. In na kai bisa ina murna, sai in ga wani ya fi shi yana jirana. Wajen la'asar na kai kan wani falalen dutse, na jingine keken na juya. Ruwan duka yana shimfiɗe a ƙasa, cike maƙil bayan damina, yana ƙyalli, rassansa sun shiga tsakanin tuddai, kwalekwalen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Iska mai sanyi ta bugi rigata da ta jiƙe sharkaf. Ku gafarce ni, amma daɗi na ji, irin daɗin da rabona da shi tun ina yaro. Na ji kaina ina dariya ni kaɗai. Sai na tuna yatsun da na ɓamɓare da safe, dariyar ta yanke, na rasa wanne ne ni a cikin biyun, ɗan aiken ko mai yawon.

Gangarar bayan dutsen ce ta kusa kashe ni. Turbar ta miƙe ƙasa tana lanƙwashe-lanƙwashe tsakanin manyan duwatsu, keken ya ɗauki gudu, na matse birki sai na ji wani abu ya yi tsalle. Robar birkin baya ce ta fita. Na san in na kama na gaba da ƙarfi zan tuntsura ta kai, saboda haka na sa takalmina a kan taya ina dannawa, ina jin warin roba na ƙonewa, amma ina! A lanƙwasa ta uku keken ya ƙi juyawa, muka faɗa cikin wata sabara ni da shi. Na daɗe kwance ina duban sama, ina laluben ƙasusuwana ɗaya-ɗaya. Babu karaya. Gwiwa ce ta dare, wando ya yage, kan keken ya karkace. Wayata kuwa, da ke aljihun gaba, ta faɗa kan dutse ta tarwatse.

Da ɗingishi na tura keken har wani gari da ake kira Tsibiri. Wani mai faci ya yanko mini robar birki daga tsohuwar tayar mota, ya daidaita kan keken a tsakanin cinyoyinsa, limamin unguwar kuma ya sauke ni a zaurensa. Mutumin kirki ne, matarsa ta aiko da ruwan zafi da gishiri aka wanke mini rauni. Da safe, da ya ji wayata ta fashe, ya ciro tasa ya miƙo mini.

"Malam Isa, kira gida su san kana lahiya."

Lambar Asabe tana kaina kamar sunana. Na dubi wayar a hannunsa, na ji muryarta tun ban kira ba, na san abin da za ta ce, na kuma san in ta faɗa sai na juya. Sai na ce wa liman ai lambobin duk suna cikin wayar da ta fashe, ban riƙe ko ɗaya a ka ba. Wannan ita ce gaɓar da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarku ta bar duniya tana zaton fashewar waya ce ta raba mu. Ba ita ba ce. Ni ne.

Ranar nan na isa Maradun, na zauna cikin dattawa a bakin kasuwa ina tambaya. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda garin haihuwata ne. Matasa ba su taɓa jin sunan ba. Wani tsoho ya ce ya san garin sarai, yana wannan ƙetaren, daura da wani dutse mai tsaga. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, wancan Tungar Maƙera ce, Tungar Marke tana can ɗaya ƙetaren. Na uku ya ce ai Marke biyu ce, babba da ƙarama, wacce nake nufi? Ni ban taɓa sanin biyu ce ba. Suka kaure da gardama har suka manta da ni. Abu ɗaya da na riƙe a raina shi ne wani tudu mai kama da sirdin doki da ke bayan gidanmu, wanda rana ke faɗuwa a cikin lotsawarsa. Na ce in na ga wannan tudun na ga gida. Aka ƙetarar da ni da kekena a jirgi ta inda gulbin ke shiga tafkin, na kama ɗaya gefen.

Rana ta uku, wadda na yi alkawarin in kasance a gida, ita ce na ɓace. A wancan gefen ruwan ya kutsa cikin ƙasa wuri-wuri, sai ka bi turba tsawon sa'a guda ka tarar ta nutse a ruwa, dole ka koma ka haye tudu ka kewayo. Sau uku hakan ta faru da ni. Taya ta yi faci sau biyu saboda ƙaya, hocen ya ƙare, gwiwa ta kumbura har ba ta son lanƙwasawa. Tudu mai sirdi kuwa, kafin azahar na ga uku, kowanne in na dube shi ta wata fuska sai ya zama shi, in na matsa gaba sai ya koma tudu kamar kowane tudu. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da hoton nan a kaina, sai ga shi ina tambayar kaina ko rana a lotsawar take faɗuwa ko daga can take fitowa. Na sauka na yi alwala a bakin ruwa na ta da azahar. Ina sallamewa sai na ga wani Bafulatani tsaye a gefe, dogare da sandarsa, shanunsa na shan ruwa. Ya jira har na shafa addu'a, sa'an nan ya ce cikin ladabi:

"Baba, ka yi haƙuri. Gabas tana nan, bayanka."

Ni da na yi rayuwata ina auna gonakin mutane gabas da yamma! Na juya na sake sallar. Ya ba ni nono na sha, ya nuna mini turbar da za ta kai ni wata tungar masunta, ya ce in akwai mai sanin abin da ke ƙarƙashin ruwa to su ne. Daga baya, da na lissafa, a daidai wannan azahar ce ake yi wa Yaya salla a Bakura.

A tungar masunta na kwana, kuma da hantsin rana ta huɗu aka haɗa ni da dattijonsu, Malam Ɗanjuma, wani siririn Bakabe mai furfura. Na faɗa masa sunan garinmu, ya girgiza kai.

"Ni ruwa nis iske, Malam, ban iske gari ba. Sunaye ban san su ba. Amma na san inda komarmu ta kamun kihi ka maƙalewa. Wuri ukku na wajen nan, duk inda kag ga haka akwai itace da bango ƙasa."

Ya sa ni a kwalekwalensa muka shiga. Daga tsakiyar ruwa tuddan suka sake wata kama dabam, har ban ƙara neman sirdin ba. Ya tsaya a wani wuri ya ce nan ne na farko, akwai wata babbar itaciya da ta cinye masa koma biyu. Ya zura doguwar gorarsa har hannunsa ya nutse, ba ta taɓa komai ba. Na leƙa. Ruwa ne kore-kore, sai fuskata da hular da ta karkace. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, wata alama cewa uwata tana nan ƙasa, ban ji komai ba sai ciwon gwiwa. Na tambaye shi ko itaciyar tsamiya ce, don akwai tsamiya a ƙofar masallacinmu. Ya ce da bazara in ruwa ya ja ƙwarai kan rassanta na fitowa, amma baƙi ne ƙirin ba ganye, wa zai gane? Ya ce in dawo da bazara. Na ɗaga hannu na yi wa Baba da Inna addu'a a nan. Muka je wuri na biyu na sake yi, haka na uku, ina kiran sunayensu a kan ruwan da ban san ko nasu ba ne. A na ukun kunya ta kama ni, na ce masa ƙila duk cikin ukun babu namu.

"To mi ya ɓaci?" in ji shi. "Duk inda munka tsaya akwai iyayen wani kwance. Su ma sun daɗe ba wanda yaz zo."

Daga nan na juyo gida ta gefen da ban bi ba da zuwa. Sai da na sake kwana a hanya, don ƙafar ba ta iya hawa, kusan kowane tudu turawa nake yi. Haka na kammala kewayen da na yi shekaru ina buri, kuma da na hango bangon dam daga nesa ban ji komai ba sai sauri. Ban tsaya Mafara ba, na wuce Bakura kai tsaye, ina ta shirya abin da zan ce wa Yaya. Ina shan kwanar layinsu na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, takalma jere, mutane zaune. Na sauka daga keken. Kowa ya juyo yana dubana, tsoho da yagaggen wando da busasshen jini a ƙafa da taɓo har gwiwa. Sai limamin unguwarsu ya ce, "Malam Isa, sai haƙuri." An neme ni ko'ina. Bashir ya kai har bangon dam a babur yana tambaya. Ni ne ya kamata in yi wa Yaya wanka in sa shi a kabari, kamar yadda shi ya yi wa Baba. Maƙwabta suka yi. Lawal ya tashi daga tabarmar da na zauna ya koma wata, kuma sai da aka shekara biyu kafin ya sake taka ƙofar gidana. Asabe ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya, ta dai gasa mini gwiwa kwana bakwai ba tare da ta dubi fuskata ba. Bazarar da Malam Ɗanjuma ya ce in dawo kuwa, kafin ta zo dajin ya gama ɓaci, ba mai bin waɗannan turbobi, har yau.

Bayan sadakar uku na nemi izini na shiga yi wa Kulu gaisuwa. Tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin takaba, lulluɓe, carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na shirya jin duk abin da za ta faɗa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sa'an nan ta ce Asabe ta gaya mata inda na je.

"Tun ranad da kat tahi bai ƙara hwaɗin kalmar nan ba," in ji ta. "Ƙohwa kawai shika kallo."

"Hankalinshi ya kwanta ke nan?"

"Ni ina nis sani, Malam Isa? Ko hankalinshi ya kwanta, ko hushi yay yi, ko ko wanda shika hwaɗa ma na ba ya nan."

Ta ja carbinta na ɗan lokaci. Sai ta ɗago, muryarta ta sauya, ta koma kamar ta yarinyar da na sani tana ɗauko ruwa daga rijiyar garinmu.

"To, ka gano gidan?"

Na buɗe baki in gaya mata wuri uku ne, kuma ban san ko akwai namu a ciki ba. Abin da ya fito shi ne, "Na gano."

"Tsamiyar masallaci tana nan?"

"Tana nan tsaye. Komar masunta ma gare ta taka maƙalewa."

Ta ce alhamdu lillahi, ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Da ta share ido sai ta ce in ba ta labari. Na fara daga tsamiyar na bi layi, gidan mai unguwa, rumbunan su Kulu guda uku, maƙera, har rijiya, ina faɗa kamar jiya na ratsa su a kan keke. Ta katse ni ta ce a'a, rijiyar hannun dama take in ka fito daga masallaci, ba hagu ba. Na ce haka ne, na manta. Ta yi 'yar dariya, ta farko tun faɗuwar Yaya, ta ce wanda ya je da ƙafarsa ma sai an gyara masa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan Kulu da Asabe, ya yafe mini abin da na sani da wanda na kasa ganewa. Kulu ta rayu shekara huɗu bayan haka, kuma duk wanda ya zage ni a gabanta sai ta ce ya yi shiru, Malam Isa aike ya je, ya kuwa gano gida. Ban taɓa gyara mata ba. Ku ne na farko da na gaya wa cewa ruwa kawai na gani.